Wa Zai Biya Mai Koya wa Majinyaci Riƙe Buta?

Idan likita ya yanke wa manomi ƙafa, ya ɗinke, ya sallame shi, a littafin asibiti an gama da shi ke nan. A gida kuwa sai lokacin wahala ke farawa. Yaya zai sauko daga gadon angarib bai kife ba? Yaya zai tsuguna a bayan gida? Wanda ɓarin jikinsa na dama ya shanye, da wane hannu zai riƙe buta, da wanne zai wanke fuska? A Suki ta jihar Sinnar a Sudan da ƙauyukan Hausawa da ke jere a gaɓar kogin Nilul Azraƙ, tun daga Mai Wurno har zuwa wajen Damazin, masu fama da waɗannan tambayoyi su ne uwargida, da yarinyar da aka dakatar daga makaranta, da ƙanen da ya jingine kwale-kwalensa. Ba wanda ya koya musu, ba kuma wanda ke biyansu.

A wasu ƙasashe koya wa majinyaci waɗannan abubuwa sana'a ce mai zaman kanta. Ta bambanta da gashi: mai gashi yana neman dawo wa gaɓa da ƙarfinta, shi kuwa wannan nemansa mutum ya koma cin abinci da hannunsa, ya sa rigarsa, ya koma sana'arsa ko da gaɓar ba ta dawo ba. A Amurka matakan aikin uku ne. Akwai ƙwararre mai tsara magani, akwai mataimakinsa mai karatun shekara biyu da lasisi, sannan akwai ɗan aike na ƙasa, mai takardar sakandare, wanda ke gyara ɗaki, ya wanke kayan aiki, ya turo keken majinyaci. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar na 2023 sun nuna ɗan aiken na samun kimanin dala 37,000 a shekara, mataimaki mai lasisi kuma kimanin 67,000. Guraben ɗan aike 'yan dubbai ne a duk faɗin ƙasar, na mataimaki kuwa dubbai gommai. Kada kuɗin ya ruɗi kowa, dala 37,000 a can ba ta kai matsakaicin albashi ba. Abin lura shi ne karatun shekara biyu ya kusa ninka kuɗin.

Bukata dai a jihar Sinnar ba sai an nemo ta ba. Tun kafin yaƙi yankin na cikin wuraren da cutar nabit ta fi yawa a duniya. Ƙaya ce ke soke ƙafar manomi ko makiyayi, ƙwayar cutar ta bi ta shiga, kumburi ya yi ta girma shekara da shekaru ba zafi, har ya ci ƙashi. Saboda ba zafi, sai a makara zuwa asibiti, kuma wanda ya makara sau da yawa wuƙa ce ƙarshensa. Cibiyar binciken cutar da Farfesa Ahmad Hassan Fahal ya jagoranta a asibitin Soba tun 1991 har reshe ta buɗe a ƙauyen Wad Unsa na jihar, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2016. Ga ciwon suga, ga hawan jini. Sai yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya zo ya ƙara nasa. Dakarun Da'am Sari, masu yaƙar sojojin gwamnati, sun kama Sinja, babban birnin jihar, a ƙarshen Yuni 2024, suka shiga Suki a Yuli, sojoji suka sake karɓe Suki a Oktoba. Harsashi da ɓaraguzan bam sun bar mutane da nakasa, wanda kuma ya yi watanni bai sami maganin hawan jininsa ba, shi ma yaƙin ne ya kwantar da shi ko da ba a harbe shi ba. Ita kanta cibiyar Soba an lalata ta.

Abin takaicin shi ne yawancin abin da mai jinya ke bukatar sani bai fi ƙarfin mai takardar sakandare ba. Wanda aka yanke wa ƙafa daga ƙasan gwiwa, tausayi kan sa a cusa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar don ya ji daɗi. Bayan 'yan makonni gwiwar ta ƙage a lanƙwashe, ƙafar roba ta ƙi zama. Dungun kuma ana naɗe shi da bandeji a karkace, a fi matsewa a ƙasa, don ya tsuke ya dace da mazubin ƙafar. Mai shanyewar jiki ana juya shi duk bayan awa biyu don gudun gyambon kwanciya. In za a sa masa jallabiya, hannun da ya shanye ake fara zurawa, in za a cire kuma shi ne na ƙarshe. Ba a jan sa ta wannan hannu a ɗaga shi, kafaɗar na iya gocewa. Cokalin da ya gagari yatsunsa, a naɗa wa ƙotarsa tsumma ko yankin robar taya ta yi kauri, sai ya riƙu. Kuma mafi wuya ga mai jinya shi ne ya ɗaure hannunsa a baya, ya ƙyale Baba ya yi ta kokawa da lomar tuwonsa har ta kai baki.

To wa zai biya? Makarantun da ke koyar da gashi, kamar Jami'ar Ahfad ta mata a Omdurman da Jami'ar Nilain, da babbar hukumar ƙera ƙafafun roba wadda ƙungiyar Red Cross ta daɗe tana tallafa wa, duk a Khartoum da kewayenta suka taru, inda yaƙi ya fara. Albashin gwamnati kuwa ya narke. A 2020 an ɗaga mafi ƙarancinsa daga fam 425 zuwa 3,000, aka yi murna, tsadar kaya ta cinye ƙarin cikin ɗan lokaci. Kafin yaƙi dala ɗaya na kusan fam 600, a cikin 2024 ta haura 2,000, ma'aikatan lafiya da dama kuma suka yi watanni ba a biya su ba. Mai digiri yana duban Saudiyya da sauran ƙasashen yankin Gulf, kuma ban ga laifinsa ba. Wanda ya zauna, abin da ke riƙe shi shi ne hafiz, ɗan alawus ɗin da ƙungiyoyin agaji ke bayarwa, wanda ke ƙarewa ranar da kwangila ta ƙare.

Sudan ta taɓa gwada irin wannan. A 1921 Mabel Wolff ta buɗe makarantar ungozoma a Omdurman, ta ɗauki matan da ba su iya karatu ba, ta koya musu gane magani da ƙamshi da ɗanɗano, suka koma garuruwansu da akwatin aiki. Tsarin ya bazu ƙasar, ya ceci rayuka. Sai dai ungozomomin karkara da yawa sun daɗe ba sa cikin masu albashi, sai abin da dangin mai jego suka miƙa musu. Ungozoma tana zuwa ranar farin ciki ne, hannu a sake. Mai koyar da riƙe buta zai shiga gidan da mai nema ya kwanta, gonar ta zama saura, an sayar da akuya an biya kuɗin tiyata. A irin wannan gida ba abin da za a miƙa masa. In ba ma'aikatar lafiya ta jiha ta sa shi cikin jerin ma'aikatanta ba, aikin zai ci gaba da zama kan 'yan mata.

Saurayi ko budurwa a Suki da ke sha'awar wannan hanya, ni dai shawarata ita ce kada su jira a buɗe gurbi da sunan aikin. Su nemi takardar nas ko ta mataimakin likita a Makarantar Ilmin Lafiya da ma'aikatar lafiya ta tarayya ta kafa a 2005, mai rassa a jihohi, domin ita ce takardar da asibiti da ƙungiyoyin agaji ke tambaya. Naɗin dungu da sauransu su ɗora a kai duk inda suka sami mai koya musu, ko a cibiyar ƙafafun roba ta Damazin ko ta Gadarif.