Wuta Biyu a Jujin Birnin Zazzau

Shara dai ɗaya ce: kashin awaki daga turke, karan dawa, ɓawon gyaɗa, harawar da dabbobi suka tattake. A cikin birnin Zariya wani kan tara ta ya ƙyasta mata ashana, wani kuma ya jibge ta a bayan gida, yana watsa mata ruwan wanke-wanke har damina ta kawo jiki.

Mai ƙonawa ya huta da wuri. Kafin la'asar tulin ya zama toka, ba wari, ba nauyin ɗauka. Toka kuwa ba abar rainawa ba ce, tana da sinadarin fotash. Sai dai naitirojin, wanda masara ta fi kwaɗayi, ya bi hayaƙi, kuma shi ne manomi zai koma ya saya cikin buhun yuriya.

Jujin da aka bari shi ne abin kallo. Cusa hannu cikinsa da asubar hunturu, ba shiri za ka zare, don tsakiyarsa kan haura digiri 60. Ba rana ce ta dafa shi ba, ƙananan halittu ne ke ci suna fitar da zafi. Cikinsu akwai funfuna masu son zafi, suna daga masu yin farar saƙar nan da ake gani in an yaye saman tulin da shebur. Yawancin funfuna kan saduda wajen digiri 40, su kuwa sai a 45 zuwa 50 suke walawa, suna narka kara da ɓawo. Ɗaya daga cikinsu, Thermomyces lanuginosus, tun 1899 masana suka san ta, kuma daga gare ta aka samo sinadarin da ke cire maiƙo a wasu nau'o'in garin sabulun wanki. Zafin yana kashe irin ciyawa da ƙwayoyin cuta masu yawa, abin da ya rage kuma baƙin taki ne mai riƙe danshi.

Ga masu 'yan gonaki a wajajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona, ni dai juji nake zaɓar musu, duk da yana cin watanni, da ruwa, da ƙarfin juyawa. Matsalarsa ta yau ita ce leda. Funfunar juji ba ta cinye ta, sai an sunkuya an tsince da hannu, kuma wannan tsintar ce ke sa da yawa su gaji su ɗauko ashana, alhali hayaƙin leda guba ne ga maƙwabta.