Yadda Waya Ta Ke Kawo Labarin Kasuwa

Kafin tumatir ya shiga tukunyar uwargida a Ikko, sai ya bi ta hannun mutane da yawa. Manomi ya tsinke shi a Kadawa ko Kura, a ƙasar Kano, dillali ya saya, a zuba cikin kwanduna, direba ya ɗauko a babbar mota, tafiyar kilomita wajen 1,000, har kasuwar Mil 12. Can 'yan sari su ke jira, su kuma su sayar wa mata masu kasa shi kashi-kashi. Wannan jeri kamar sarƙa ya ke, idan zobe ɗaya ya tsinke, duk sai a sha wahala.

To, tumatir ba ya jira. Dā ɗan kasuwa ya kan yi lodi bai san abin da zai tarar ba. Idan motoci da yawa suka riga shi isa, sai kuɗi ya faɗi, kaya kuwa suna ruɓewa, tilas ya sayar da hasara.

Yanzu 'yan kasuwa suna haɗa kansu rukuni-rukuni cikin WhatsApp. Wanda ke Ikko ya ɗauki hoton kasuwa da safe, ya faɗi yawan motocin da suka shigo da kuɗin kwando. Direba ya ba da labarin hanya, ko gada ta karye, ko an tare wani wuri. Wanda bai iya karatu ba sai ya aika da muryarsa. Da haka mai kaya ya ke sanin ko ya yi lodi yau, ko ya dakata, ko kuwa ya juya zuwa Badun. Manyan kamfanoni ma suna sa ma'aikata su riƙa duba abin da jama'a ke faɗi a Facebook, domin su gane inda kayansu suka ƙare da abin da masu saye ke kuka da shi.

Amfanin labari da wuri ya fi bayyana ran wahala. Cikin 2016 wata tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Arewa, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abin, kuɗin kwando ya ninka sau da yawa. Cikin 2021 kuma 'yan kasuwar Arewa suka tsai da kai abinci Kudu na 'yan kwanaki, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Badun. A irin wannan lokaci, wanda ya fara ji shi ya kan tsira da jarinsa.

Amma fa a lura. An ce gani ya kori ji, duk da haka hoton bara ya kan dawo da sunan na yau, wani kuma ya kan baza ƙarya don kuɗi ya tashi. Ɗan kasuwa mai hankali ba ya ɗaura kaya sai ya tambayi mutum biyu ko uku da ya amince da su.

Mu da za mu zama malamai, lalle mu koya wa yaranmu tambayoyi uku: Wa ya faɗa? Yaushe? A ina? Gama da yawansu 'ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa, abincin gidansu kuwa a kan wannan sarƙa ya ke.