Scooby-Doo a Soron Ɗinki: Da Wa Ake Shaguɓen?

A gidajen Soron Ɗinki, kamar sauran unguwannin cikin birnin Kano, da yara sun taso daga Islamiyya, in akwai wuta ko wayar uwa tana da caji, katun suke nema. Cikin waɗanda suka daɗe ana yayinsu akwai Scooby-Doo, labarin wani ƙaton kare matsoraci da matasa huɗu masu yawo a mota suna binciken fatalwa. Kamfanin Hanna-Barbera ne ya fito da shi a Amurka a 1969, kuma zubinsa bai cika canzawa ba: dodo ya addabi gari, a sha guje-guje, a ɗana tarko, a tuɓe masa fuskar roba, sai ga ɗan Adam mai kwaɗayin fili ko dukiya.

Iyakar abin da yaro ke gani ke nan, kuma ya ishe shi dariya. Sai dai marubutan shirin suna cusa wata magana ta biyu wadda ba da yaron suke ba. Da uban da ke zaune a gefensa suke, uban da ya taso a Amurka, ya karanta littattafanta, ya kalli finafinanta.

A ɗauki kashin nan mai suna "The Shrieking Madness", daga jerin Mystery Incorporated na 2010. Wani dodo mai jelolin nama a fuska ya tayar da hankalin wata jami'a, dodon da ya fito daga littafin wani malami, H.P. Hatecraft. Duk wanda ya san adabin ban tsoro na Amurka zai gane H.P. Lovecraft ake nufi, marubucin da ya mutu a 1937, dodon kuma kwaikwayon Cthulhu ne, halittar da ya ƙaga. Ba su tsaya nan ba. Muryar malamin ta Jeffrey Combs ce, ɗan wasan da ya yi suna a fim ɗin Re-Animator na 1985, wanda aka ɗauko daga labarin Lovecraft ɗin. Marubuci Harlan Ellison ya fito da sunansa da muryarsa, yana yi wa kansa ba'a kan zafin ran da aka san shi da shi. Da aka tuɓe dodon kuwa, sai ga ɗalibi mai son littattafan malamin kamar ransa, sunansa Howard E. Roberts, wato an juya sunan Robert E. Howard ne, abokin Lovecraft. Shaguɓe biyar a cikin minti ashirin da 'yan kai, ko ɗaya bai iso kunnen yaron Soron Ɗinki ba. Ai ko babansa ma da wuya.

Na kawo wannan ne saboda wata al'ada da ta yi ƙarfi a WhatsApp: da an ga baƙuwar alama ko baƙon suna a katun, sai a ce ga makircin da ake ɓata tarbiyya da shi. Mafi yawan abin da ake zagayewa da jan layi, tsokana ce ta 'yan sana'a ɗaya a tsakaninsu, ko gaisuwa ga wani na gaba da su.

Kuma mu ba baƙi ba ne a wannan fage. Daga goma ga watan azumi, yaran lungunan birni kan manna gemun auduga, su cusa matashi a ƙarƙashin babbar riga, su dogara sanda su fita tashe. Dariyar da ake yi ba ta gemun ba ce, ta sanin wanda ake kwaikwaya ce: kowa a layin ya san tsoho mai irin wannan tari, ko malami mai irin wannan tafiya. Marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, da wannan ya ci abinci. Ya kwaikwayi jaruman Indiya, ya yi Ibro Awilo, har Ibro Usama ya yi. Ba'amurke da zai kalli waɗannan sai dai ya ga mutum yana tsalle-tsalle, ya rasa inda aka dosa. Halin da yaranmu suke ciki ke nan gaban Hatecraft.

Inda ya kamata iyaye su sa ido wani wuri ne daban. Kwaikwayon labarin ban tsoro, ko da wasa aka yi shi, yakan taho da tsoronsa. Scooby-Doo na 1969 dodonsa abin dariya ne. Mystery Incorporated kuwa, wanda ya ƙare a 2013, ya aro daga shirye-shiryen manya irin su Twin Peaks, ya shigo da soyayya da kishi tsakanin matasan, a ƙarshensa ma mugun abin ba mutum ba ne cikin fuskar roba. Suna ɗaya, kare ɗaya, amma ɗan shekara biyar da ya ji daɗin na farko zai iya ƙin kwana shi kaɗai bayan na biyu. Kafin a miƙa waya, a duba wane jeri ne da shekarar da aka yi shi, a kuma zauna a kalli kashi ɗaya tare da yaron.