Littafin da ake saye a rufe: Muhawarar tantance tsofaffin mujallun katun a Amurka

A watan Afrilun 2024, kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke birnin Dalas a jihar Texas ta Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na mujallar Action Comics, fitowa ta farko, a kan dala miliyan 6. Lokacin da mujallar ta fito a 1938, santi 10 kacal ake sayar da ita. A cikinta ne aka fara ganin jarumin nan Superman, wanda Jerry Siegel da Joe Shuster suka ƙirƙiro.

An miƙa wa mai sayen mujallar ne a rufe cikin wani gidan roba mai tauri, wanda ake hango bangonta ta cikinsa, amma ba a iya buɗe shafukanta sai an fasa shi. A saman gidan an manna takarda mai ɗauke da maki 8.5. Wannan maki da wannan gida su ne abin da masu tara irin waɗannan mujallu suka shafe sama da shekara 20 suna taƙaddama a kai.

Abin da ya sa suke tsada

Mujallun katun ƙananan littattafai ne da ke ba da labari cikin jerin zane-zane, maganganun 'yan wasa na rubuce a jikin hotunan. A shekarun 1930 da 1940 an buga su ne a kan takarda mai arha irin ta jarida, wadda ke jurwaye ta kuma kakkarye idan ta daɗe. Yara ne suka fi sayen su, su naɗe su a aljihu, su yi ta ara wa juna har su yage. Da yawa kuma sun salwanta a gangamin tattara tsofaffin takardu da aka yi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An buga kwafi kusan 200,000 na Action Comics fitowa ta farko, amma ƙiyasi ya nuna kimanin 100 ne suka rage.

Tun da kaɗan suka tsira, sai lafiyar kowane kwafi ta zama ita ce mizanin farashi. A 1970 Robert Overstreet ya fara buga kundin farashin mujallun, inda ya kasa su gwargwadon yanayinsu. Sai dai mai sayarwa ne ke faɗin matakin da kayansa ya kai, kuma kowa na yabon nasa. Wasu har suna shafa fenti a wuraren da launi ya koɗe, ko su datse gefen takarda don ta yi kama da sabuwa, ba tare da sun faɗa ba. Da ciniki ya koma intanet a ƙarshen shekarun 1990, sai ya zama cinikin biri a sama: mutum ya biya kuɗi a kan hoto da alkawarin wanda bai taɓa gani ba.

Yadda ake tantancewa

A 2000 ne aka kafa kamfanin CGC, wanda hedikwatarsa ke Sarasota a jihar Florida, ya ɗauko tsarin da aka riga aka saba da shi wajen tantance tsofaffin tsabar kuɗi. Mai mujalla zai aika da ita tare da kuɗin aiki. Ƙwararru za su ƙirga shafukanta, su bincika ko an taɓa yi mata kwaskwarima, su duba bango da kusurwoyi da ƙarafan da ke riƙe da shafuka da launin takarda, sannan su ba ta maki daga 0.5 zuwa 10. Daga nan a rufe ta, a ba ta lambar shaida da za a iya dubawa a shafin kamfanin.

Launin takardar da aka manna ma bayani ne. Shuɗi na nufin ba a yi wa mujallar kwaskwarima ba, shunayya na nufin an yi, rawaya kuwa na nuna sa hannun da aka yi a gaban wakilin kamfanin. Kamfanin na kuma wallafa adadin kwafin da ya tantance na kowace mujalla a kowane mataki. A 2014 aka samu abokin gogayya, CBCS, wanda Steve Borock, tsohon shugaba a CGC, ya jagoranci kafawa.

Hujjar masu goyon baya

Magoya bayan tsarin na ganin ya kawo amana a kasuwar da ta rasa ta. Mai saye a Japan zai iya biyan mai sayarwa a Kanada bisa makin da wani na uku ya bayar, kuma ɓoyayyiyar kwaskwarima ta yi wuyar wucewa. Gidan robar na kare takarda daga yawan taɓawa. Kamfanonin inshora da masu rabon gado ma sun samu abin da za su dogara da shi wajen ƙiyasta ƙima. Manyan cinikayya na baya-bayan nan duk a kan mujallun da aka tantance aka yi su: Amazing Fantasy fitowa ta 15 ta 1962, inda Spider-Man ya fara bayyana, ta kai dala miliyan 3.6 a 2021 da maki 9.6.

Hujjar masu suka

Ƙorafi na farko shi ne an buga mujalla ne don a karanta. Da zarar an rufe ta, bango kawai ake gani, aikin marubuci da mai zane ya ɓace daga ido. Duk wanda ya fasa gidan kuwa, makin ya tashi aiki, sai ya sake biya a sake dubawa.

Na biyu, makin ra'ayin ɗan Adam ne da aka sanya wa rigar lissafi. Tazarar da ke tsakanin 9.6 da 9.8 na iya zama ɗan lanƙwasar da ido ke gani da ƙyar, amma tana iya ninka farashi. Shi ya sa wasu ke fasa gidan su sake aika mujallar, da fatan a wannan karon za a ƙara mata maki, abin da ke sa adadin da kamfanin ke wallafawa ya zarce na haƙiƙa.

Na uku shi ne batun guga. Ana amfani da zafi da danshi da nauyi a miƙar da tamojin takarda kafin a aika da ita. CGC ba ya ɗaukar hakan a matsayin kwaskwarima, yana ma karɓar aikin gugar da kansa. Masu suka na tambaya ko ya dace mai yanke hukunci ya zama shi ne mai gyaran kayan. Suna kuma nuni da cewa kuɗin tantance mujallu mafi tsada ana lissafa shi ne bisa ƙimarsu a kasuwa.

Amanar ta fuskanci jarrabawa a ƙarshen 2023, lokacin da masu tara mujallu suka lura cewa ana buɗe wasu gidajen robar ana musanya abin da ke ciki da kwafi mara daraja. Kamfanin ya amince cewa lamarin ya shafi ɗaruruwan mujallu, ya wallafa lambobinsu, ya kuma shigar da ƙara a kotu.

Inda aka kwana

Harkar ta wuce ta masu sha'awa kaɗai. A 2021 kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi kaso mafi rinjaye na uwar kamfanin CGC, alamar cewa manyan masu kuɗi na kallon mujallun a matsayin kadara. Masu ƙaramin ƙarfi na kokawa cewa hakan ya sa farashi ya fi ƙarfinsu.

A aikace, da dama daga masu tarawa sun raba ƙafa. Mujallar da ke da tsada sosai ko wadda za a sayar, sai a tantance ta a rufe. Wadda ake son karantawa kuwa, a ajiye ta cikin leda da kwali marasa sinadarin da ke cin takarda, nesa da zafi da danshi da hasken rana. Kamfanonin DC da Marvel na sake buga tsofaffin labaransu a takarda da kuma intanet, don haka mai son sanin yadda Superman ya fara zai iya karantawa da 'yan daloli kaɗan. Ga mai niyyar saye, shawarar da gogaggu a harkar ke maimaitawa ita ce ya duba lambar shaida a shafin kamfanin, ya binciki gefen gidan ko an taɓa shi, ya kuma ƙare wa mujallar kallo da idonsa kafin ya yarda da makin.