Annabi Adamu da Shaidar Masu Tonon Ƙasa

A zaurukan karatu na Ƙofa da sauran garuruwan ƙasar Kusada da Kankiya, inda yaro kan san sunan Annabi Adamu, Alaihis Salamu, tun bai iya wanke allonsa ba, akwai mas'alar da ɗalibai masu dawowa daga jami'a suke yawan tayarwa, wato ko binciken zamani ya tabbatar da cewa mutane duka daga uba ɗaya suka fito. Mas'ala ce da ta cancanci natsuwa, domin gaggawa a cikinta takan jawo wa masu cewa e da masu cewa a'a da'awar abin da ba su mallaka ba.

Mu fara da abin da ke kusa da mu. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani, an tone kusheyin sarakunan da a 1907, zamanin Sarki Dikko, aka kuma sake tono a 1992, inda aka sami kayan ado na zinariya da duwatsun wuya da kwanonin ƙarfe waɗanda fatake suka kawo daga nesa. Amma duk da cewa mamatan nan ba su kai shekara dubu a ƙasa ba, babu ƙashi ɗaya da ya faɗi sunan mai shi, sai abin da ruwayar baka ta adana. To, idan wannan shi ne iyakar masu tono game da sarakunan jiya, ina ga mutumin farko?

Abin da bincike ya iya nunawa kuwa ba kaɗan ba ne. A Jabal Irhud ta Maroko an sami ƙasusuwan mutane masu kama da mu, waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu kimanin 300,000. A 1987 kuma, Rebecca Cann da Mark Stoneking da Allan Wilson, bayan sun auna ƙwayoyin gado na mutum 147, irin waɗanda ɗa ke karɓa daga uwa kaɗai, suka bayyana cewa silsilar uwayen duk mai rai a yau tana tuƙewa ga mace ɗaya da ta rayu a Afirka kimanin shekara 200,000 da suka shige. 'Yan jarida suka yi mata laƙabi da Hauwa'u, alhali masu binciken sun nuna cewa akwai mata da yawa a zamaninta, sai dai silsilarsu ta 'ya'ya mata ce ta yanke a hanya. Haka al'amarin yake ta wajen uba. Bugu da ƙari, galibin masana wannan fanni suna ganin yawan bambancin da ke cikin jinin 'yan Adam yana nuni da cewa magabatanmu dubbai ne a kowane zamanin da awonsu ya iya kaiwa.

Saboda haka adalci shi ne a ce bincike ya ƙarfafa kasancewar baƙi da fari, Bahaushe da Bature, dangi ɗaya ne, amma bai kawo shaida a kan mutum biyu na farko ba. Malaman tauhidi tun da can sun rarrabe tsakanin abin da hankali da gani suke riska da abin da ba a saninsa sai ta hanyar naƙali, kuma labarin yumɓu da busa ruhi da sujadar mala'iku yana cikin kashi na biyu, wanda ma'auni ba ya hawansa. Mai wa'azin da ya ce Turawa sun gano Nana Hauwa'u ya jingina imaninsa da ƙiyasin da gobe za a iya gyarawa, ɗalibin da ya ce ƙashi ya ƙaryata wahayi kuwa ya ɗora wa ƙashi hukuncin da ba huruminsa ba.