Jiragen Ruwan Da Ke Burge Mu A Instagram: Wanne Ne Zai Iya Tsallake Teku?

Duk mai yawan zagaya YouTube ko Instagram ya san irin bidiyon nan: farin jirgi a kan shuɗin ruwa, iska tana kaɗa filafilansa, wato manyan ƙyallayen da ke tura shi, miji da mata suna shan kofi, rana tana faɗuwa a bayansu. Tasha ɗaya kawai, Sailing La Vagabonde, ta tara mabiya fiye da miliyan ɗaya da irin wannan rayuwa. Kana kallo kana cewa a ranka, "Kai, waɗannan ai su suka more duniya."

To amma galibi ranar da teku ya kwanta ake fito da kyamara. Waɗanda suka san harkar ba da hoto suke auna jirgi ba. Abu uku suke dubawa: gudunsa, daɗin zama a cikinsa, da kuma ko zai mayar da kai gida idan guguwa ta rutsa da kai nesa da tudu. Ukun nan kuwa kishiyoyin juna ne, abin da ka ƙara wa ɗaya daga rabon ɗaya ka ɗebo shi.

Gudu: Keke Napep ya fi shi

Jirgi mai nauyi yana tura ruwa ne a gabansa, kuma igiyar ruwan da yake tayarwa da kansa ita ke taka masa birki. Shi ya sa tsawon sashen jikinsa da ke taɓa ruwa ke yanke iyakar gudunsa. Mai ƙafa 25 ba ya wuce kimanin kilomita 12 a awa, mai ƙafa 36 kuma wajen kilomita 15. E, Keke Napep zai wuce shi ya bar shi. Jiragen da ke tashi kowane Nuwamba daga tsibiran Kanari zuwa yankin Karebiyan a ayarin da ake kira ARC suna shafe mako uku ko kusa da haka a hanya. Jirgi mara nauyi mai faɗin ciki yana iya rage kwanakin, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin mai sauri yana iya kauce wa mummunan yanayi. Sai dai saurin nan biyan sa ake yi.

Daɗin zama: faffaɗan falo tarko ne

A bakin tasha, jirgi mai ƙaton falo da gado a tsakiyar ɗaki shi ne sarki. A tsakiyar teku labari ya sha bamban. Jirgin yana tafiya ne a karkace dare da rana, idan igiya ta buge shi kuma babu abin kamawa a kusa, sai ka ji ka a ɗaya bangon da karyayyen haƙarƙari. Don haka matuƙa na nesa suke son matsattsen ciki mai mariƙai ko'ina, siririn gado mai shingen ƙyalle da zai tare mai barci, da murhun da aka rataye shi yana lilo don kada tukunya ta kife.

Akwai kuma yadda jirgin ke motsi. Mara nauyi yana tsalle yana fizga, mai nauyi yana lilo a hankali. Fizgar nan ke kawo jiri da amai, mutumin da ya kwana uku bai yi barci ba bai ci abinci ba kuwa, komai ƙwarewarsa, zai yanke shawarar banza.

Tambayar da ta fi kowace: idan ya kife, zai tashi?

A watan Agustan 1979 jirage 303 suka shiga tseren Fastnet tsakanin Ingila da kudancin Ailan. Guguwa ta far musu da dare. Masu tsere 15 suka mutu, jirage biyar suka nutse, waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai 90 ba. A rukunin ƙananan jirage, 58 suka tashi, ɗaya tak ya kammala: Assent, samfurin Contessa 32, siririn jirgi da kusan rabin nauyinsa dalma ce a can ƙasa.

Sirrin yana cikin abin da ake kira kil, wato faffaɗan reshe mai nauyi da ke ƙarƙashin jirgi. Idan iska ko igiya ta kwantar da jirgin, nauyin nan ke janyo shi ya miƙe. Binciken da aka yi bayan Fastnet ya nuna jirage masu faɗi marasa nauyi sun fi daɗewa a kife idan suka juya. Daga baya aka fito da wani lissafi mai sauƙi da ke gwada faɗin jirgi da nauyinsa: idan amsar ba ta wuce 2 ba, ana ganin ya dace da tafiya mai nisa. Contessa 32 tana kan 1.8.

Katamaran fa, mai gangar jiki biyu, wanda ya cika bidiyoyinmu? Yana tsallake teku ƙwarai, a cikin irinsa Greta Thunberg ta taso daga Amurka zuwa Lisbon a 2019. Ba ya karkacewa, kifar da shi kuma da wuya. Amma ranar da ya kife, ya kife ke nan, ba ya tashi da kansa.

Lissafi ma ba ya ganin tsatsa. A watan Mayun 2014 jirgin Cheeki Rafiki yana komawa Ingila daga Karebiyan sai kil ɗinsa ya ɓalle a tsakiyar Atlantika. An gano jirgin a kife, mutum huɗun da ke cikinsa kuwa ba a same su ba. Shi ya sa mai sayen jirgi da gaske yake sa a ɗaga shi daga ruwa a duba kusoshin kil, da matuƙin da ke juya akalarsa, da wayoyin ƙarfen da ke riƙe da sandar filafilai.

Tsohon yayi da ya zagaya duniya

A tseren Golden Globe na 2022, doka ta ce sai tsofaffin samfura masu tsawon ƙafa 32 zuwa 36 da dogon kil, mutum ɗaya a jirgi, babu GPS, babu tsayawa. Kirsten Neuschäfer 'yar Afirka ta Kudu ta shiga da Minnehaha, jirgi mai nauyi wanda da wuya ya tara masu danna so a Instagram. A tekun Indiya ta karkata daga hanyarta ta ceto abokin takararta Tapio Lehtinen, wanda nasa jirgin ya nutse. Duk da haka ita ta yi nasara, ta isa Faransa a watan Afrilun 2023, bayan fiye da kwana 230 a ruwa, ta zama mace ta farko da ta ci irin wannan tsere.

Wannan ba ya nufin jiragen zamani na banza ne. Mai yawo a gaɓar teku, yau nan gobe can, faffaɗan jirgin ya fi masa. Kowane jirgi da irin tafiyar da aka ƙera shi dominta. Don haka idan irin bidiyon nan ya sake faɗo maka, kafin ka danna so ka duba ka gani: ina mariƙai a falon nan, ina ake kwana idan jirgi ya karkata, kuma me ke ƙarƙashin ruwa wanda kyamara ba ta nuna maka ba?