Lada ko Suna: Matsalar Biyan Masu Tallar Tufafi a Amurka da Faransa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana dalilin da ya sa aiki ba lada ya zama ruwan dare a sana'ar tallar tufafi, wato sana'ar waɗanda akan sa wa sababbin ɗinkuna su yi taku gaban 'yan kallo, ko a ɗauki hotonsu domin mujallu. Galibin jama'a sun ɗauka sana'a ce ta masu hannu da shuni, musamman tun da Linda Evangelista ta ce a 1990 ita da takwarorinta ba sa tashi daga barci don abin da ya kasa dala 10,000 a yini. Amma masu samun irin wannan ba su taka kara sun karya ba.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi shi ne, a wannan kasuwa suna da lada sukan yi hannun riga. Ashley Mears, masaniyar halayyar zaman jama'a wadda ita kanta ta taɓa yin sana'ar, ta nuna a littafinta Pricing Beauty na 2011 cewa mujallar Vogue takan biya misalin dala 150 ne kawai a yini, alhali kundin tallar kayan kantuna, wanda ba a ganinsa da daraja, ya fi tsoka nesa ba kusa ba. Haka kuma a makon baje kolin tufafi na New York, wasu masu zayyana tufafi sukan sallami yarinya da riga ko jaka maimakon kuɗi. Hujjar da akan kafa ita ce fitowar za ta sa a san ta, babban ciniki ya biyo baya. Ga 'yan ƙalilan yakan biyo. Saura kuwa sai dai su riƙe rigar, wadda ba ta biyan kuɗin haya.

To, me ya sa doka ta ƙyale haka? A nan ne, a ganinmu, gizo ke saƙar. A Amurka ana ɗaukar mai tallar tufafi 'yar jinga ce mai zaman kanta, don haka dokar mafi ƙarancin albashi ba ta shafe ta ba. Tsakaninta da mai kaya akwai kamfanin dillanci, wanda yakan cire la'ada kashi 20 cikin ɗari daga ladanta, ya kuma karɓi kwatankwacin haka daga mai kayan. Bugu da ƙari, kuɗin jirgi da na masauki da na buga hotuna duk bashi ne a kanta. Sau da yawa yarinyar da aka ɗauko daga wata ƙasa takan gama aikin wata da watanni, a ƙarshe a nuna mata ita ake bi.

Faransa ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta ɗauki mai tallar tufafi a matsayin ma'aikaciya mai albashi, kuma tun 1990 ta wajabta wa kamfanin dillanci mallakar lasisi. Wannan bai kawar da bashin dillalai ba, amma ya toshe ƙofar biya da tsumma.

A New York kuwa, sai da ƙungiyar Model Alliance, wadda Sara Ziff ta kafa a 2012, ta yi ta fafutika kafin Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a dokar ma'aikatan harkar tufafi a watan Disamba na 2024, ta fara aiki a watan Yuni na 2025. Dokar ta tilasta wa dillalai yin rajista, ta ƙayyade la'ada kada ta wuce kashi 20, ta hana yarjejeniyar da ta zarce shekara uku, ta kuma sa a biya ƙarin lada in aiki ya wuce awa takwas. Sai dai ba ta mai da su ma'aikata masu albashi kamar yadda Faransa ta yi ba, kuma ikonta bai wuce iyakar jihar New York ba.